Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Takardar Tantance Lafiya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Na zaɓi in rubuta maka maimakon in kira ka a waya ne domin na san halinmu ni da kai: da na fara magana za ka ce "to, Baba" ka yi shiru, ni kuma in ɗaga murya, mu rabu babu wanda ya saurari wani.

Yayarka ce ta gaya mini, kuma kada ka ga laifinta domin ni na matsa mata, cewa ranar da za a duba lafiyarku don shiga soja ta ƙarato, kuma ka ƙudura a ranka cewa inda takarda ta tambaya ko ka taɓa yin ciwon asma za ka rubuta a'a. Ta ce wani abokinka da ya riga ka shiga soja ne ya ba ka wannan shawara, wai kowa haka yake yi, kuma likita ba ya ganin abin da ba a gaya masa ba. Tun daren da na ji wannan magana barcina bai daidaita ba.

Ka sani cewa likitan soja ba ya tambayar ko kana da lafiya yau. Lafiyar yau kowa yana ganinta a jikinka, kai da kake gudun kilomita biyar kowace safiya. Abin da yake so ya gane shi ne ko jikinka zai jure a wurin da babu asibiti, babu barci isasshe, ga kaya mai nauyi a baya, ga ƙura da hayaƙi da sanyin dare. Shi ya sa yake tonon abin da ya wuce. Kuma ba kowane tsohon ciwo ne yake hana mutum shiga ba. Karayar da ka yi a hannun hagu kana ɗan shekara 9 ta warke sarai, ba a sa maka ƙarfe ba, hannun yana miƙewa yana lanƙwasawa, don haka ka faɗe ta ba tare da fargaba ba. Haka nan aikin afendis da aka yi maka. Tabon kawai zai duba ya wuce. Sauran abubuwan kuwa awo ne zai yi magana a kansu ko ka so ko ka ƙi: za a gwada ganinka da jinka, a nuna maka shafukan nan masu ɗige-ɗigen launi da lamba a ɓoye a ciki don a san ko kana bambance ja da kore, a auna jininka a ga ko ya haura 140 bisa 90, a ɗebi jini da fitsari, a ɗauki hoton ƙirji. A waɗannan ba ni da damuwa a kanka.

Damuwata tana kan ciwon da yake iya kwanciya ya yi lamo, awon rana ɗaya bai kama shi ba, kamar farfaɗiya da asma. A irin waɗannan likita yana dogara ne da bakinka da takardun asibiti, kuma a nan ne abokinka ya hango maka ƙofa.

Wataƙila kai ka manta daren nan, domin yaro yana saurin mantawa da wahalar da ya sha, amma ni ban manta ba. Kana da shekara 15. Mahaifiyarka ce ta tashe ni, na same ka zaune a bakin gado ka dafa gwiwoyinka, ƙirjinka yana fito kamar ana busa usur, fatar tsakanin haƙarƙarinka tana lotsawa ciki duk lokacin da ka ja numfashi. Na tambaye ka ina abin shaƙarka, ka kasa haɗa kalma uku, sai nuni ka yi da hannu. Mun fesa maka shuɗin maganin nan sau nawa, bai yi komai ba. Na tuƙa mota da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kafaɗarka, ina duban leɓɓanka da suka fara canza launi. Minti ashirin ne tsakaninmu da asibiti, kuma da aka ɗora maka abin rufe hanci ana tura maka iska da magani, ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce mun zo a kan gaɓa. Minti ashirin, ɗana, a kan titi mai kwalta, da mahaifinka a gefenka. To, ka gaya mini, a dajin atisaye da tsakar dare wa zai san abin da yake damunka, alhali kai da kanka ka rubuta cewa ba ka da shi? Wanda ya gan ka ka durƙusa zai ɗauka ragwanci ne, ya daka maka tsawa ka tashi.

Na san amsarka, cewa shekara shida ke nan ba ka taɓa abin shaƙa ba. Gaskiya ne, kuma ina gode wa Allah a kan haka. Sai dai asma tana yawan lafawa idan yaro ya balaga, sannan ta dawo wa wasu bayan sun girma, kuma abubuwan da suke tayar da ita su ne ainihin abincin yau da kullum na kurtu: gudu mai tsanani a cikin busasshiyar iska mai sanyi, ƙura, hayaƙi, da mura da take yawo a ɗakin kwanan mutane da yawa. A rundunoni da dama akwai ranar da ake shigar da sababbin sojoji ɗaki a sakar musu barkonon tsohuwa, a umarce su su cire abin rufe fuska domin su san amfaninsa. Mai lafiyayyen huhu zai yi tari da hawaye ya fito ana masa dariya. Mai asma kuwa hanyoyin numfashinsa suna iya tsukewa nan take. Idan na rufe idona wannan ɗakin nake gani, da kai a cikinsa.

An kuma ce mini ka faɗa, a gaban ƙannenka, wai da ban riƙa kai ka asibiti ana rubuce-rubuce a fayil ba da yanzu ba ka da matsala. Wannan magana ta yi mini ciwo, kuma ba ta dace da kai ba. In bar ka ka mutu ne a ɗaki don fayil ɗinka ya zauna da tsabta? Ban musanta cewa da farko na ƙi wannan aiki da ka zaɓa ba, kuma mun yi watanni ba ma ga maciji a kansa. Amma na sauko, na sa maka albarka da zuciya ɗaya, ban kuma janye ba. Saboda haka kada ka ce tsoho ya sami hanyar da zai dawo da kai gida ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a Amurka, alal misali, tun 2022 cibiyoyin ɗaukar soja suna iya ganin tarihin asibiti da magungunan mai neman shiga ta kwamfuta, kuma ko inda ba a kai nan ba, ranar da ciwon ya tashi a bariki za a tambayi asalinsa. Ɓoye ciwo a takardar shiga laifi ne da ake korar mutum a kansa. Ban rene ka don ka fara aikin rantsuwa da sa hannu a kan ƙarya ba, balle ka zama kayan da abokan aikinka za su ɗauka a ranar da kowa yake ta kansa.

Yanzu ka saurari abin da nake so ka yi, domin ƙofar ba a rufe take ruf ba. Kowace ƙasa da ƙa'idarta. A Amurka asmar da ta wuce ranar cikar mutum shekara 13 tana hana shiga, amma ana iya neman sassauci na musamman, a duba takardu a sake gwaji, wasu kuma suna samu. Wasu rundunonin suna duba yawan shekarun da mutum ya yi ba tare da ciwo ko magani ba. Ka nemi rubutacciyar ƙa'idar rundunar da kake nema ka karanta da idonka, ka bar ta bakin aboki. Sannan ka je wurin likitan ƙirji ya yi maka gwajin huhu, wanda ake hura iska da ƙarfi cikin bututu a auna yawan da ta fita a daƙiƙar farko, ka roƙe shi ya maimaita bayan ka yi gudu. Idan sakamakon ya yi kyau, ka shiga da shi a hannunka ka ce ga abin da na yi fama da shi, ga kuma inda nake yau. Idan bai yi kyau ba, gara mu ji daga bakin likita a ofis, ka zo mu zauna mu yi shawara, ni da kai.

Mahaifiyarka ta tattaro katunan asibitinka duka, har da na daren nan, ta sa a koren fayil, kuma yayarka za ta kawo maka ranar Asabar. Kuɗin gwajin yana wuyana. Ka kira mahaifiyarka idan saƙon ya iso, domin ita ba ta san na rubuta maka da zafi haka ba. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka.