Kafin a raba wa matasa tukunyar tatsar tururi, a koya musu wuta da ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rahoton da kuka buga kwanakin baya, na matasan da aka yi wa bitar kwana uku a kan tatsar sifirit da man ƙamshi, aka sallami kowane rukuni da 'yar tukunyarsa. Na daɗe ina duban hoton da kuka sa. Wani yaro ya rungume tukunya yana murmushi, ni kuwa idona yana kan wurin da bututu ya haɗu da murfi, domin ko a hoton ma na gane liƙin masu tinka ne. Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara 31 na yi ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makaranta a nan Zariya, kuma tatsar ruwan gwaji tana cikin aikina na kullum. Da na yi ritaya sai na sa aka ƙera mini tukunya mai cin lita 50, na kafa ta a rumfa a tsakar gida. Ina tatsar ruwan batir ina sayar wa masu sola, ina kuma fitar da man citta da na na'ana'a ga matan da ke haɗa turare da man shafawa. Bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya juya mini magana: ba zancen abin sha nake yi ba. Sifirit ɗin da nake nufi shi ne na goge fata kafin allura da na tsabtace hannu.

Aikin kansa ba wani sihiri ba ne. Duk matar da ta taɓa ɗaga murfin tukunyar tuwo ta ga ruwa ya taru a ƙarƙashinsa yana ɗiga, ta riga ta ga tatsa. Ana dafa abu, tururi ya tashi, a bi da shi ta cikin bututun da aka naɗe kamar gammo aka nutsa a duron ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗigo a kwalba. Sifirit yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100 a bakin teku. A nan Zariya ruwa kan tafasa a wajen 98 saboda tudu, a Jos ma ƙasa da haka. Na sha ganin mutum yana zagin ma'aunin zafinsa wai ya lalace don ya ƙi kaiwa 100, alhali garin da yake ne ya hau bisa.

A 2020, lokacin kullen korona, da man wanke hannu ya yi tsada, ɗan ƙanena ya zo mini da shawara. Ya ga bidiyo a waya, ya ce zai sayo ruwan rake daga wajen masu mazarƙwaila a Maƙarfi, ya tsima shi da yis, ya tatsi sifirit. Na ce masa, “Kai yaro, zauna mu yi lissafi tukuna.” Ya ce, “Baba, ai lissafin a bayyane yake.” Bai zauna ba. Ya je aka haɗa masa tasa tukunyar, ya kafa ta a wani shago da ba shi da taga. Yawancin matsalolin da zan ambata a ƙasa, sai da ya ɗanɗana su ɗaya bayan ɗaya cikin wata biyu, ni kuma ina amsa waya.

Kiran farko, wai wuta tana ci fiye da awa guda amma ko ɗigo bai gani ba, ga shago ya cika da ƙamshi. Wannan ƙamshin shi ne kayansa suna tafiya a iska. Murfi ne yake yoyo. Na sa shi ya kashe wuta, ya buɗe ƙofa, ya bari ta huce, sannan ya kwaɓa fulawa da ruwa kamar ƙullun fanke mai tauri ya shafe bakin murfin. Zafi yana gasa ƙullun ya kama gam, idan an gama a kankare. Ya fi robar tayar mota da wasu ke yankawa su ɗaure, domin tururin sifirit yana cin roba, ya kwaso ɗoyinta da dattinta ya zuba a cikin kayan. Mai neman inda ke yoyo ya kara madubi ko bayan cokali mai sanyi a mahaɗa, in ya yi gumi to nan ne. Kada ya nema da ashana. Dariya za a yi, amma an yi.

Sai maganar wuta, wadda a ganina ita ce rabin sana'ar. Matashi yana son ya ga abu yana zuba kamar famfo, sai ya ƙara itace. Da zarar wuta ta yi yawa, ruwa zai bi sifirit su tashi tare, abin da ya fito ya zama salam. In kuma an cika tukunya har wuya, kumfa za ta hau ta shige bututu, ka ga abin da ya kamata ya fito garau ya fito gurɓatacce kamar ruwan kwata. Ni tumbuɗi nake kiran wannan, domin daidai yake da na jinjirin da aka ɗura wa nono. Kashi biyu cikin uku ake zuba wa tukunya, a bar sauran wa kumfa. Idan akwai tsaki ko dusa a gindinta sai ya kama ya ƙone, kuma ƙaurin da ya shiga kaya ba ya fita ko an sake tatsa. Ni da gawayi nake aiki a kurfoti mai ƙofar iska, don in iya rage wuta da yatsa ɗaya. Itace ba ya jin magana.

Ruwan sanyaya kuwa shi aka fi rainawa. Duro yakan yi zafi daga sama ya gangaro, don haka sabon ruwa ta ƙasa yake shiga, mai zafi ya fita ta sama. Ɗan ƙanen nawa ya juya tiyonsa, yana zuba na sanyi a sama yana zubar da na ƙasa, wato yana zubar da mai amfanin yana ajiye mara amfani. Gwajin ba wuya: ka tara bayan hannunka a bakin bututu. In abin da ke ɗigowa ya fi ɗumin jiki, ko ka ga farin tururi yana biyo shi, to duro ya gaza. A lokacin hunturu duro ɗaya kan kai ni rabin aiki. A watan Maris da Afrilu kuwa ruwan tankin da ya yini a rana ba ya sanyaya komai, shi ya sa nake kwana da ruwa a randuna uku, in fara aiki bayan sallar asuba, kafin hantsi na yi nisa. Uwargida ta gaji da yi mini ƙorafin randunanta, har ta haƙura ta sayi wasu.

Akwai abu guda da nake so a rubuta da jan biro a jikin kowace tukunyar da aka raba. Kada a taɓa toshe bakin da kaya ke fitowa, kada kuma a sa masa famfon da za a iya mantawa a rufe. Tukunyar da tururinta ya rasa hanya bam ce. Kafin in hura wuta kullum sai na busa bututu da baki na ji iska ta fita ta ɗaya gefen. Wata rana na busa na ji shiru, ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki cikin mako biyun da na yi tafiya.

Yanzu ga lissafin da yaron ya ƙi zama mu yi. Ruwan rake in ya tsimu da kyau, sifirit ɗin da ke cikinsa ba ya wuce kamar kashi 8 cikin 100. Wato lita 40 tana ɗauke da lita 3 da 'yan kai, in ba a yi asarar ko ɗigo ba, abin da ba ya yiwuwa. In zafin gari ya yi yawa yis ya galabaita, in iska ta shiga ya juye ya zama ruwan tsami, kason ya ƙara raguwa. Tatsar farko a irin waɗannan tukwane rarrauna ce, sai an maimaita sau biyu ko uku. Haɗin man wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar kuwa kashi 80 cikin 100 yake so, kuma abin da ya gaza 60 ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar cuta. Ga wani tarko: ma'aunin ƙarfin sifirit, wannan na gilashi da ke yawo a saman ruwa, an daidaita shi ne a digiri 20. In ka tsoma shi a kaya masu ɗumi cikin zafinmu, sai ya yi maka ƙarya ta faranta rai, ya nuna fiye da abin da ke akwai. Ka cire kuɗin rake da mota da gawayi da ruwa, za ka tarar wanda ya sayi jarkar sifirit ta kamfani ya fi ka riba yana zaune. Ban da cewa sai da lasisin Kwastan ake kafa wurin tatsar sifirit, sai kuma da rajistar NAFDAC ake sayar da abin da aka haɗa. Ban ga an ambaci ko ɗaya a rahotonku ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne inda wannan asarar ke tura mutum. Wanda kayansa suka fito salam, ga bashi a wuya, sai wani ya raɗa masa cewa akwai wani sifirit mai araha a wajen masu sayar da sinadarai, ya ƙara a ciki. Sau da yawa wannan mai arahar metanol ne. A ido da hanci ba ka raba su, amma shi yana kashe jijiyar gani, yana kuma kisa, har ta fata yana shiga. A Afrilun 2015 mutane kusan ashirin suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, bayan 'yan makonni wasu gommai suka bi su a jihar Ribas, duka an danganta da ogogoro, wato barasar da ake tatsa a gida, mai metanol. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan man wanke hannu da aka samu da shi a ciki. Wanda ya ce shi ba ruwansa tunda ba na sha yake yi ba, ya tuna yaro ƙarami yana shafa man hannu ya kai baki.

Shi dai ɗan ƙanena ba metanol ne ya tsayar da shi ba, wuta ce. Tururin sifirit ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar maciji har ya tarar da murhu. Ya ajiye buɗaɗɗen bokitin tarba taku biyu daga wuta, da rana tsaka. Harshen wutar sifirit shuɗi-shuɗi ne, da rana kusan ba a ganinsa. Sai da ƙafar wandonsa ta kama sannan ya san bokitin yana ci. Allah ya sa maƙwabcinsa mai faci yana da yashi a ƙofa. Har yau akwai tabo a ƙwaurinsa, tukunyar kuma matarsa tana zuba gero a ciki.

In koma kan hoton da na fara da shi. Liƙin da masu tinka ke yi da dalma ne, kuma tururi mai zafi da ɗan tsami-tsami yana narkar da ita kaɗan-kaɗan zuwa cikin kaya. Haka tsohon lagireton mota da wasu ke ɗaukowa daga wajen 'yan gwangwan su mai da shi abin sanyaya: ga dalma, ga ragowar sinadarin da aka taɓa zuba masa. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba, tun da a 2010 yara fiye da 400 ta kashe a ƙauyukan Zamfara. Tukunya ko dai ta silba wadda ba ta tsatsa, da walda irin tata, ko ta jan ƙarfe. Shi ma jan ƙarfen in an bar shi da danshi yakan yi kore, ka ga ɗigon farko ya fito da launin shuɗi. Jiƙon tsamiya da gishiri yana wanke shi tas, sannan a ɗauraye, a tatsi ruwa zalla sau ɗaya a zubar kafin a zuba kaya.

Ba cewa nake a karɓe tukwanen ba. Sana'ar tana da abinci, amma ba ta ƙofar da aka nuna musu ba. Masu batirin sola suna ƙaruwa kullum, kuma da yawansu ruwan leda suke ɗura wa batir su kashe shi. Ga citta a Kachiya da Kafancan, duk da cutar da ta cinye gonaki a 2023 ta tayar da farashinta. Sai dai a gaya wa yaran gaskiya: kilo 10 na busasshiyar citta, bayan yini guda a kan wuta, man da zai bayar ba zai cika kwalbar lemo ba. A kuma gaya musu ƙananan abubuwan da ba a koya a kwana uku. Man citta da na na'ana'a a saman ruwa suke tsayawa, na kanumfari kuwa nutsewa yake yi. Ni kaina ran da na fara tatsar kanumfari na leƙa sama ban ga komai ba, na kusa kifar da kwalbar a kwata.

Roƙona ga waɗanda suka shirya bitar, su bi sawun tukwanen nan su duba liƙinsu kafin a hura musu wuta, su kuma haɗa kowane rukuni da wanda ya san aikin ko na wata uku ne. Akwai tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaji irina a Zariya da Kano da Sakkwato, muna zaune a ƙofar gida muna sauraren rediyo. Ni dai na bar lambata a ofishinku. Duk yaron da ke kusa ya zo da tukunyarsa ranar Asabar bayan sallar asuba, ya zo da fulawa rabin mudu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Tudun Wada, Zariya.