Gaisuwa daga gonar lemu a Girka

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya ƙafar tata da sanyin nan. Ni dai Alhamdulillah, muna ta tsinkar lemu kusa da garin Argos, da asuba sai yatsu su ƙi lanƙwasuwa saboda raɓa amma ana hakuri.

Akwai wani kango a kan hanyarmu ta zuwa Nafuliyo, sunansa Tirins, ganuwa ce ta duwatsun da wallahi mutum goma ba za su ɗaga guda ba. Wani dattijo da muke aiki tare shi ya ce min nan ne fadar sarkin da wani jarumi mai suna Irakilis ya yi wa bauta, wanda Turawa ke ce wa Hakulis. Tatsuniyarsu ce ta zamanin bautar gumaka, amma wasu daga cikin garuruwan da ake ambata ga su nan kewaye da mu.

Wai hauka aka sa wa Irakilis har ya kashe 'ya'yansa da hannunsa, da ya dawo hayyacinsa ya je Delfi, inda suke zuwa duba, neman yadda zai wanke laifin, aka ce ya je ya bi umarnin Yuristiyas, sarkin Tirins. Aiki 10 aka yanka masa. Ya shaƙe zakin Nemeya da kibiya ba ta huda fatarsa, sai kuma macijin Lerna mai kawuna 9, ka sare ɗaya biyu su tsiro, sai da ɗan ɗan'uwansa ya riƙa ƙone wuyan da wuta. Sarki ya ce tunda an taya shi wannan ba ta cikin lissafi.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne na garken sarki Ogiyas. Shekara 30 wai ba a kwashe kashin shanun ba, kai da kake fama da namu ka san abin da nake nufi, mu da ma taki ne da tuni an kai gona. Suka yi ciniki da Ogiyas, Irakilis zai share a yini ɗaya a ba shi saniya ɗaya cikin kowace goma, ya fasa katanga ya karkato koguna biyu ruwa ya wanke komai tas. Mai shanu ya hana shi ladan, shi kuma Yuristiyas ya soke aikin wai ai don biya ya yi. Haka goma ta koma 12.

Yaya da dattijon ya zo nan sai na yi shiru, don bara wani mai gona ya cinye min kuɗin sati uku, ban faɗa muku ba gudun kar hankalin Inna ya tashi. Shi ya sa kuka ji ni shiru lokacin sallah. Wanda nake wa aiki yanzu yana biya duk Asabar, in sha Allah ƙarshen wata zan turo, a fara sayen maganinta kafin dusar shanu.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙaninka