Ɗana, kafin ka ƙara wa motar nan sifirin

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ƙaninka ya ce kana shirin kai Hilux ɗin nan gareji a ƙara mata falle biyu a sifirin baya, don ta riƙa kwaso buhu 15 daga Dawanau. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na rubuto.

Ƙarin falle zai ɗaga bayanta, ba musu. Amma birkin na da ne, tayoyin na da ne, gatarin ma haka. A-kori-kura irin taka abin da aka yi ta dominsa bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da kai da yaron mota. Buhun masara kilo 100 ne, ka lissafa da kanka. Ranar da kuma ka fito ba kaya, sifirin da ya yi tauri zai sa ta tsalle a gargada, baya ya riƙa zamewa in an yi ruwa.

Idan kusan kullum da kaya take, falle ɗaya ya isa, hagu da dama daidai. Ka tsaya a kan bakaniken har ya gama. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul da ke haɗe da gatarin baya, shi ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda motar ta zauna. In aka ɗaga ta ba a sake saita shi ba, sai ya ɗauka ba kaya alhali ta cika. Mutane da yawa ba sa kula da wannan, kuma shi na fi tsoro. Bayan kwana biyu ka koma a sake ɗaure kusoshin da ke riƙe sifirin, domin suna saki.

Kaya masu nauyi ka jingina su da kan motar, kada su taru bayan taya. In ka ga robar da ke saman gatari ta kusa taɓawa, ko sitiyari ya yi sakayau, ko fitila na haska sama, sauke buhu. Sabon shokozoba ba zai hana ta durƙushewa ba, aikinsa kashe tsalle ne kawai. Iskar taya kuwa akwai takarda a jikin ƙofar direba, ka bi ta, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Ka biyo da motar ran Juma'a in duba ta da idona. Allah Ya tsare hanya.

Mahaifinka.