Godiya ga ofishin da ya kai mu tafkin Bisoke

Assalamu alaikum.

Hajiya manaja, ke da yaran ofishinki na shirya tafiye-tafiye da ke kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Godiyar da na yi miki ta waya ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a.

Shekara 19 ke nan ina koyar da jogirafi a sakandare. Na zana dutse mai aman wuta a allo har hannuna ya haddace shi, amma ban taɓa taka ko guda ba. Ranar da mu uku, duk malamai, muka kwashi adashi muka shigo ofishinki muka ce Ruwanda za mu, mu hau dutsen Bisoke, na zaci za a sallame mu, a ce nan Hajji da Umra aka sani. Sai kika ce mu ba ki mako guda.

Da muka dawo, kafin maganar tikiti sai da kika zaunar da mu kika faɗa mana gaskiya. Kika ce, "Malam, ku mutanen rana ne, ƙasarku kuma shimfiɗe take kamar tabarma." Sakkwato kusan mita 300 take sama da doron teku, ƙololuwar Bisoke kuwa mita 3,711. Kika ɗora mana tattaki kullum bayan sallar asuba har wata biyu, kika kuma ce kowa ya nemi takalmi mai rufe idon sawu, da rigar ruwa, da safar hannu. Safar hannu a watan Agusta! A waje muka yi ta dariya. Har gargaɗin kada mu sa leda a kaya kika yi mana, don Ruwanda ta hana amfani da ita tun 2008.

Daga Abuja muka tashi zuwa Kigali. Masaukin da kika kama mana a Nyamirambo yake, unguwar Musulmi, ga masallaci ga abinci ba shakku. Washegari mota ta kai mu Musanze. Ƙarfe bakwai na safe muna ofishin gandun daji a Kinigi, takardun izininmu suna jiranmu, babu wanda ya ce mu ƙara ko sisi.

Hawan yana farawa ne ta gonakin dankalin turawa, har a kai wata katangar duwatsu da aka yi don tare ɓauna. Daga nan daji ne, jami'ai masu bindiga suna gaba da baya saboda dabbobi. Mu da muka san gajimare a can sama, ranar sai ga mu a cikinsa tsundum. Ba hazon hunturu ba ne mai busar da leɓe, wannan jiƙa mutum yake yi. Itatuwa duk sun yi gemu da gansakuka, ruwa na ɗiga daga ganye ko ba a ruwan sama. Laka kuwa har ƙauri. Ga wata ciyawa mai harbi kamar kunama ƙarama, da na dafa ta sau ɗaya na daina yi wa safar hannu dariya.

A nan zan tona kaina. A Sakkwato na ce ba na buƙatar ɗan dako, jakar tawa nawa take? Kika yi shiru, ashe kin sa kuɗinsa cikin lissafi. Bayan awa biyu numfashi ya fara yi mini gardama, don iska ta yi ƙaranci a wannan tsayi. Yaron nan ya karɓi jaka, ya riƙe hannuna a wuraren santsi kamar mai jan tsoho zuwa masallaci. Ba don shi ba, da a tsakiyar hanya zan juya.

Awa huɗu muka yi kafin mu kai. Da farko ba mu ga komai ba sai fari fat, har ɗayanmu ya fara cewa an yi asarar adashi. Can iska ta yaye gajimaren, sai ga tafki a ƙasan ƙafarmu, zagayayye kamar an kafa ƙwarya an cika ta da ruwa, shiru, ba kwalekwale ba masunci. Idona ya saba da tafkin Kware, inda ruwa ke kwance a ƙasa kamar yadda hankali ya sani. Wannan kuwa a kan dutse yake zaune, cikin ramin da wuta ta bari, ruwan sama ya cika shi. Jagora ya nuna mana tsallaken ramin ya ce can Kwango ce, domin iyaka ta kan dutsen ta bi. Ba a yarda a shiga ruwan ba, kuma da wannan sanyi babu mai sha'awa.

Goggon biri dai ba mu yi katarin gani ba, kin riga kin ce izininsa daban ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin adashin malamai.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. A gaishe da yaron da ya yi ta kiranmu a waya har muka sauka Sakkwato. Hoton tafkin yana manne a bangon ajina, naki kuma an kai a sa masa firam, ranar Asabar zan kawo in Allah ya yarda.

Naku,
Malamin jogirafi, Mabera, Sakkwato