A Bar wa Tsakar Gida Ƙasarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta bazu a garuruwanmu, inda mutum zai gina ɗan ɗakinsa a gona ko a bayan gari, sannan ya malale duk filin da ya rage da siminti, bai bar ko taku ɗaya da itace zai tsiro ba. Idan watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, simintin nan yakan wuni yana shan rana, ya kwana yana huci, har mai gida ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma.

Ni ma niyyar da na ɗauka ke nan sa'ad da na gama ɗaki ɗaya mai rufin kwano a gonata, tsadar siminti ce ta hana ni, kuma a yau ina yi wa Allah godiya a kan hakan. Ni da 'ya'yana biyu muka kafa rumfa a ƙofar ɗakin da dirka shida, muka shafa wa gindinsu baƙin mai saboda gara, muka gitta azara, muka rufe da zana. Azarar giginya tana da wuyar samu yanzu, amma gara ba ta cin ta, shi ya sa magina na da suka riƙe ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne daɓe. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta koya wa mai ɗakina yadda ake yi: a baza jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har wurin ya kwanta, sannan a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa yayyafa ruwanta ana ƙara bugu. Kwana uku aka yi ana wannan aiki, hannuwa suka yi kanta, amma daga ƙarshe wurin ya yi duhu, ya yi sumul, ana share shi ba ƙura, kuma da tsakar rana mutum yana taka shi ba takalmi.

A wajen shuka na yi kuskure a shekarar farko, domin na dasa zogale ban kewaye shi ba, awaki suka cinye shi tas. Da damina ta dawo sai na fara kafa shingen bini-da-zugu, wanda dabbobi ba sa taɓawa, ko da yake dole a hana yara cin 'ya'yansa saboda suna da guba. A cikin shingen na dasa rassan zogale da lalle da gwanda, na haƙa ɗan lambatu da ke kai musu ruwan alwala. Darbejiya kuwa nesa da ɗaki na sa ta, don kada saiwarta ta tsaga bango.

Roƙona ga Edita shi ne a tura wakilai su tattauna da tsofaffin magina da matan da suka iya daɓe, a buga yadda ake haɗa makuba da katsi, wato lakar da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, dalla-dalla, domin a ƙauyenmu mata uku kaɗai na sani da suka rage da wannan sani, kuma dukkansu sun manyanta.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya