Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu gyaran motocin sha'awa a Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa mambobi, iyayenmu dattawan ƙungiya da ƙannenmu da suka shigo bana, ga rahoton abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda kwamitin gudanarwa ya ɗora mini in rubuta. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, shi zai karanta da bakinsa a babban taro, kowa ya ga rasit da idonsa. Nawa shi ne aikin da aka yi da hannu, da shawarwarin da aka yanke, da abin da bai samu ba.

Duk wanda ya buɗe littafin aikinmu na ranakun Asabar zai lura da abu guda: yawancin motocin da aka kwance bana ba don ƙarin gudu aka kwance su ba. Zafin inji ne da birki suka cinye mana shekara. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin koma baya ba. Motocin da muke ji da su tsofaffi ne. BMW E30 daga 1982 zuwa 1994 aka ƙera ta, Mercedes 190E kuwa daga 1982 zuwa 1993, ga Golf GTI da Honda Prelude da Toyota Celica na wancan zamanin. Mota mai shekara 30 da ɗoriya, wadda ta ratsa hannun mutane da dama kafin ta iso Bauchi, lafiyarta ake fara nema kafin a yi maganar ƙarfinta.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kusantar digiri 40, kusan kowace Asabar sai an turo mana mota tana tafasa. Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce BMW E36 ta wani ɗan uwanmu daga Fadaman Mada, wadda allurar zafinta ke haurawa da zarar ya tsaya a cunkoson Wunti. Da aka kwance gidan tamosta, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, sai aka tarar wayam, an daɗe da cire shi. Da aka zare tiyon ƙasa na lagireto, jan ruwa mai laka ya kwararo, irin wanda ruwan rijiya ke bari idan ya shekara yana cin ƙarfe. Famfon ruwan kuma, da aka fiddo shi, farfelarsa ta roba ta tsage tana juyawa ita kaɗai a kan sandarta, ba ta tura komai. Matsala uku a mota ɗaya, kuma kowacce ta isa ta ƙona gaskit. Yini biyu aka yi a kanta: an wanke hanyoyin ruwa har sai da ya fito garau, an sa famfo da tamosta da murfin lagireto sababbi, an zuba ruwan sanyaya inji rabi da rabi da tataccen ruwa, sannan aka fitar da iskar da ta maƙale. Tun daga ranar allurar ba ta ƙara wuce tsakiya ba.

Maganar tamosta ta jawo muhawara mai zafi, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Makanikai da yawa, har da waɗanda muke girmamawa muke kuma koyo a wurinsu, suna cire shi su ce na ƙasar sanyi ne. Kwamiti bai yarda da wannan ba. Tamosta yana buɗewa ne a wajen digiri 80 zuwa 90, ya riƙe inji a zafin da aka tsara masa. In babu shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tayar, a sha fetur a banza, ragowar kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. A injina irin na BMW da Mercedes akwai ƙari: tamosta ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya dawo inji, to in an cire shi, wani ɓangaren ruwan ba zai ma bi ta lagireto ba. Murfin lagireto shi ma ba ado ba ne. Matsin da yake riƙewa shi ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Saboda haka muka tsayar cewa motar da aka gyara da kayan aikin ƙungiya ba za ta bar wurin babu tamosta ba, kuma ba a zuba mata ruwan rijiya.

Birki ya zo na biyu. Da dama cikinmu ba su san yaushe aka canza man birkin motarsu ba, wasu tun daga Kwatano yake ciki. Man birki yana shan danshi daga iska. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa wajen 155. Wanda ya taɓa gangarowa daga Jos yana taka birki a jere ya san abin da hakan ke nufi: feda ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Mun ware Asabar biyu don wannan aiki kaɗai, mutum ɗaya a kujera, ɗaya a gindin taya, ana ta "taka, riƙe, saki" har sai mai ya fito fari ba kumfa. Daga yanzu kowace mota tana da shafinta a littafi, kuma duk shekara biyu za a tuna wa mai ita. A ranakun ne kuma muka koya wa juna karanta shekarun taya: lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. An samu tayoyi masu zane kamar sababbi waɗanda gefensu ya tsattsage saboda tsufa, kuma masu su sun haƙura sun canza.

Akwai wata cuta da ba mu saba gani da yawa ba a da, ita ce cutar ajiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur da na kayan gyara suka tashi, motar sha'awa ta zama wadda ake fitowa da ita jefi-jefi. Mota kuwa ba ta son zama. Fetur yana lalacewa a tanki ya toshe kafireto ko nozul, batir ya mutu, ɓeraye su shiga bonet su ci waya, damina ta zo ganye ya toshe magudanan ruwa na ƙasan gilashi, ruwan Agusta ya taru ƙarƙashin kafet ya fara cin bodi. Shawararmu ga mai ajiye mota: ya cire kan batir, ya share magudanan kafin ruwan farko, kuma in zai tayar, ya fita da ita ta yi tafiya har inji ya yi zafi sosai. Tayarwa ta minti biyar a tsakar gida ba ta wadatar ba.

Rumbun kayan aiki na ƙungiya ya ƙaru bana. An sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wanda ya kawo ƙarshen ɗaure tof silinda da ƙiyasi, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da na'urar karanta matsalar inji. Na'urar tana aiki ne da motocin da ke da soket mai ƙofa 16 na OBD2, wanda ya zama dole ga motocin Amurka daga 1996. Tsofaffin namu har yanzu kunne da gwajin waya ne maganinsu. Doka ɗaya ce ba ma sassautawa: ba mai shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulo. Bulo yana fashewa ba gargaɗi. Kuma ina roƙon 'yan uwa, don Allah, wanda ya ari kaya ya dawo da shi ranar da ya yi alkawari. An sha samun wanda ya kwance injinsa ya zauna jiran sifana mako guda.

Wajen kayan gyara, haɗa oda da muka fara ya rage mana kuɗin mota sosai. Ana tara buƙatu, mutum ɗaya ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, abin da babu a nemo daga Ladipo a Legas. Ƙarfe ɗan Beljiyam ba laifi, giya ko ƙafar mota ko kan inji. Amma roba, bel, tiyo, da takalmin birki, sabo muke saye, araha ba ta ado. Masu E30 mai injin M20 su riƙe wannan musamman: taimin bel ne da shi, ba sarƙa ba, kuma in ya tsinke bawul da fistin za su haɗu. Wanda bai san tarihin nasa ba ya canza kawai.

Sai batun sauye-sauye, inda matasanmu suka fi zumuɗi, kuma muna son wannan zumuɗin. Abin da kwamiti ya goyi baya aka kuma yi: ƙarin fanka ta lantarki a gaban lagireto, rile ga fitilun gaba don su yi haske su kuma huta wa makunni, sabunta shokozoba da bushin, da takalmin birki mai inganci. Wanda ya tuƙa 190E ɗin da aka sabunta wa ƙafafu ya ce kamar wata mota ce daban, alhali ba a taɓa injinta ba. Abin da ba mu goyi baya ba: yanke sifirin don mota ta durƙusa, domin tudun rage gudu na farko zai fasa maka kaskon baƙin mai, buɗaɗɗiyar matatar iska, wadda a ƙurar hunturu take ciyar da inji yashi tana kuma shaƙar iska mai zafi daga cikin bonet, da fasa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, don ƙara, wanda ke ƙara hayaƙi ya hana maƙwabta barci. Mota ta mai ita ce, ba za mu hana kowa ba, amma ba da kayan ƙungiya ba.

An kuma warware gardamar Peugeot 504. Wasu sun ce ba motar gudu ba ce, motar haya ce ta Bauchi zuwa Kano. Dattawanmu suka tuna mana cewa 504 ce ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma 504 Coupé mai V6 ta sake lashewa a 1978. An kaɗa ƙuri'a, an karɓe ta. Ni na ji daɗin hakan, domin babu motar da ta fi ta sauƙin koya wa yaro yadda kafireto da fulogi ke aiki, komai a fili yake.

Fitar shekara zuwa Yankari muka yi, bayan damina ta ɗauke. Mun bi hanyar Gombe, muka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, a jere, da motar kayan aiki a baya. Sharaɗin shiga ayari shi ne a duba ruwa, birki da taya mako guda kafin tafiya. Fanbel ɗaya ya tsinke a hanya, aka canza shi a gefen titi, kowa ya iso sansanin Wikki a cikin Yankari ya kuma koma gida lafiya. Alhamdu lillahi.

Dole in faɗi matsayinmu kan wasan mota a bukukuwan aure, tunda an gayyaci wasu mambobi bana. Ƙungiya ba ta ciki. Juya mota a titin unguwa, yara na tsaye a gefe, ganganci ne da ran mutane. Iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa ƙananan motoci kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma da shi muke tafiya a duk fitar da ke ɗauke da sunanmu. Mun gode wa 'yan uwan da suka ƙi amsa gayyatar.

Abin da bai samu ba: har yanzu ba mu sami rufaffen fili da izini ba inda matasa za su koyi sarrafa mota cikin aminci, kuma wannan shi ne babban giɓin da nake gani. Prelude ɗin da muka fara tun bara tana nan kan ƙafafun ƙarfe tana jiran giya. Tsohon baƙin mai muna tara shi a duro, ba ya zuwa kwata, amma duron ya kusa cika kuma muna neman wanda zai riƙa kwasa a kai a kai.

A babban taro za a yanke shawara kan abu uku: ƙarin kuɗin wata don sayen injin ɗaga inji, tarar jinkirin dawo da kayan aro, da ware Asabar ɗaya a wata don koyar da 'ya'yan mambobi da yaran unguwa masu sha'awa. Kowa ya zo da littafin motarsa. Muna godiya ga dattijonmu da ya ba mu farfajiyar gidansa da rumfarsa shekara guda cur bai karɓi ko sisi ba, da iyalinsa da suka jure ƙarar guduma. Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa