Wasiƙa zuwa ga ɗana kan sayen hannun jari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Na ji daɗi da ka fara tara wani abu daga albashinka, na kuma ji daɗi da ka tambaye ni kafin ka zuba shi. Sai dai dalilan da ka kawo guda biyu ne kawai: abokinka ya ce kamfanin halal ne, kuma farashin hannun jarinsa yana ta hawa. Wannan bai ishe ni ba.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwarsu. Kasuwar hannun jari ma kasuwa ce. Wanda ya sayi hannun jari ya zama abokin tarayya a kamfanin, abin da malamai ke kira musharaka. In an ci riba da shi, in an yi asara da shi, in kuma kamfanin yana cin kuɗin ruwa, to da hannunsa a ciki. Ka lura, mu a Hausa “riba” muke ce wa halastaccen abin da ciniki ya haifar, ita kuwa “riba” ta Larabci wadda Alƙur'ani ya haramta kuɗin ruwa ce. Kada kalmar ta ruɗe ka.

Batun halal ɗin akwai ma'auninsa. Da farko a duba sana'ar kamfanin: giya, caca, naman alade, bankin ruwa, duk an fitar da su. Sannan a duba lissafinsa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, a ƙa'idarta ta 21, ta ce bashi mai ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, haka ma kuɗin da ya ajiye yana karɓar ruwa a kansu. Abin da ke shigo masa ta haramtacciyar hanya kuma kada ya wuce kashi 5 na dukan kuɗin shigarsa, kuma kai mai hannun jari sai ka cire naka kason na wannan ka bayar, ba da niyyar neman ladan sadaka ba, don tsarkake dukiyarka kawai. Wasu malaman ba su yarda da wannan sassaucin ba sam, kuma ina girmama ra'ayinsu.

Ga wani abu da abokinka bai faɗa maka ba. Tunda da farashin kasuwa ake auna bashin, kamfanin da darajarsa take 100 bashinsa 25 ya tsallake. Farashi ya faɗi darajar ta koma 70, bashin yana nan 25, ka ga ya haura kashi 35 ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba. Wanda ya tsallake bara yana iya faɗuwa bana, don haka sai ka riƙa bibiya.

To ko da ya tsallake, halal daban, kyan ciniki daban. Mutum yana iya sayen halastaccen abu da tsada ya karye. Darajar kamfani tana cikin abin da yake samarwa, da masu sayen kayansa, da amanar masu tafiyar da shi. Ka nemi rahotonsu na shekara, ka wuce shafukan farko masu hotunan shugabanni suna murmushi, ka je can baya inda lambobi suke. Shekara biyar a jere, cinikinsu ƙaruwa yake ko raguwa? Ribar da suka rubuta, kuɗi ne suka shigo hannu ko bashi ne da ake bin mutane? Na taɓa zuba kuɗi a wani kamfani mai riba a takarda, ashe rabin cinikinsa bashi ne da bai dawo ba. Shekara biyu na yi ina jiran rabon da bai zo ba. Sannan ka raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da yake samarwa a shekara. In amsar ta fito 40, shekara 40 ke nan kafin ribar ta mayar maka da kuɗinka, matuƙar ba ta ƙaru ba. Me ka gani da zai sa ta ƙaru?

In ba ka da amsa, cinikin biri a sama za ka yi, kuma saye don kawai kana sa ran gobe wani zai saya da tsada ya yi kusa da caca. Duk wanda kuma ya yi maka alkawarin tsayayyiyar riba kowane wata babu asara, ka guje shi ko da ya cika bakinsa da Larabci, domin a mudaraba, wato wani ya kawo jari wani ya juya shi, kaso ake yankewa daga abin da aka samu, ba a lamunce wa mai jari uwar kuɗinsa.

Kada ka zuba duka wuri ɗaya, ka bar na 'yan watanni a hannu saboda lalura, kuma ka tambayi malami yadda ake fitar da zakkar hannun jari. Ka turo mini rahoton kamfanin nan mu duba tare kafin ka biya dillali.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka